Suna a Gaba, Mota a Baya

Abu na farko da ƙasar Italiya ta koya mini shi ne kwat ɗin da ke jikina na mata ne. A gwanjon Kasuwar Barci na saye shi, mai kayan kuma ya rantse irinsa ministoci suke sakawa a Turai. Ban ce ya yi ƙarya ba, don na ji a can akwai ministoci mata. A filin jirgin Roma wata dattijuwa ta tsaya a gabana, ta dubi nawa, ta dubi nata, iri ɗaya sak har da ɗan gashin wuya, ta gyaɗa mini kai kamar ta ga 'yar ajinsu, ta wuce. Sanyin da ake yi bai bar ni na yi zuciya na cire ba.

Ga abin da ya kai ni. A tsakiyar shekarun casa'in ina aikin lantarki a wani kamfani mai rumbun takin zamani a kan hanyar Mando, a Kaduna. Kafin nan malamin makarantar koyon sana'a ne ni. Na ajiye alli, amma sunan Malam ya ƙi ajiye ni. Duk motar da za ta ɗauki taki sai ta hau sikeli babu kaya, a yi mata lodi, ta sake hawa da kaya, sannan a ɗaga mata sandar ƙofa. Sai kamfani ya sayi sabon tsari daga wata masana'anta a arewacin Italiya. Kowane direba za a ba shi kati mai baƙin layi a baya, ya goga a jikin wani akwati. Akwatin ya gaya wa na'urar da ke sarrafa sikeli da sanda ko wane ne, ita kuma ta riƙe nauyinsa, ta buga masa takarda, ta buɗe. An tura ni in koyo yadda ake haɗa akwatin kati da wannan na'ura, wadda a wurinmu ƙwaƙwalwa kawai muke ce mata.

Damuwar ita ce, akwai ƙwaƙwalwar da ta riga ta zauna a wurin. Baba Ɗan'azumi, aminin marigayi mahaifina, mutumin Rigasa, ya fi shekara ashirin a ɗan ɗakin da ke gefen sikeli, yana rubuta sunan direba da nauyin kayansa da ajami. Tun mota tana kwanar titi yake sanin ta wace ce, daga kukan inji. Shi ya karɓo mini auren Hauwa, shi ya kama hannuna ya kai ni gaban Manaja aka ɗauke ni aiki. Manajan nan kuwa ya faɗa mini babu ɓoye-ɓoye: "Malam Isiyaku, ranar da na'urar nan ta fara aiki, ɗakin bakin sikeli ba shi da sauran amfani." Baba ya ji labari, don babu abin da ke shiga ƙofar nan bai sani ba. Abin da ya yi kawai, ya miƙo mini ƙullin kilishi ya ce, "Ka koyo da kyau. Kada a ce ɗan Malam Garba ya je ya kasa."

Da wannan kilishin da wannan maganar na sauka Roma, kuma ban san wanda ya fi nauyi a cikinsu ba.

A tashar jirgin ƙasa na haɗu da ɗan'uwa. Haka ya kira kansa. Wani dogo ne mai tsaftataccen gemu, ya yi mini sallama da Larabcin da ya fi nawa kyau, har na ji ƙwalla ta taru mini. Ya raka ni na yanki tikiti, ya nuna mini layin da jirgina zai tsaya, ya kuma gargaɗe ni sosai game da ɓarayin tashar. Sannan ya nuna wani rawayan akwati can nesa ya ce sai na kai tikitin ya buga masa hatimi, in ba haka ba a kama ni a hanya. Wannan gaskiya ne, daga baya na tabbatar. Duk abin da ya faɗa mini gaskiya ne. Ya ce in kawo ƙaramar jakata ya riƙe mini kada ta dame ni. Na buga hatimi na juyo, sai babbar jakata kaɗai ke jirana.

A cikin wadda ta tafi akwai zanen rumbunmu da injiniyoyi suka yi wata guda suna shiryawa, da takardar gayyata, da sunan masaukin da aka kama mini. Fasfo da guzurina suka tsira, domin kwat ɗin nan yana da wani ɓoyayyen aljihu a ciki wanda babu telan maza da zai yi tunaninsa. Tun daga ranar ban sake faɗin mummunar magana a kansa ba.

A cikin jirgi na zauna da wani tsoho da matarsa. Suka buɗe ƙunshin abinci, burodi da wani jan nama yankakke siriri, suka miƙo mini. Na dafa ƙirji na girgiza kai. Matar ta ga kamar raini ne, ta ƙara turowa. Tsohon ya dube ni, ya dubi naman, ya ce mata wani abu, sai ta rufe baki da hannu. Ta tona jaka ta ciro lemo biyu, ta ɓare da kanta, ta dinga miƙo mini ɓari-ɓari kamar mai jinya. Ban ci komai ba tun Kano sai abincin jirgin sama, wanda sunansa ne kawai abinci.

A Bolonya aka ce in canja jirgi. Na canja, sai dai ba zuwa wanda ya kamata ba. Na yi tasha uku ina kallon gonakin mutane kafin mai duba tikiti ya sauke ni, ya kai ni ɗaya ɓangaren da hannunsa, ya ɗaga mini yatsu yana nuna ƙarfe nawa na gaba zai zo. Hazo ya rufe ko'ina, fari fat, mai jiƙa gira. Na zauna a kan jakata a tashar da ba ni da labarin sunanta, na tuna a daidai wannan lokaci Hauwa tana kwashe tuwo, na ce wa kaina: Isiyaku, ka yi wannan doguwar tafiya duk don ka koyo yadda za a kori mutumin da ya yi maka aure.

Ranar Asabar da la'asar na isa garin. Sunan masana'antar ya tafi da ɗan'uwana, amma na tuna tambarinsu, hoton ma'auni cikin da'ira. Na zana shi a bayan tikiti ina nuna wa mutane, har wani mai sayar da jarida ya nuna mini hanya. Ƙofa a rufe, ba a aiki. Ina tsaye ina tunanin inda zan sa kaina, sai ga wani gajere mai sanƙo ya fito daga gefe da kwano a hannu, kyanwa uku suna bin sa. Shi ne Injiniya Buruno, wanda zai koyar da ni. Kullum Asabar sai ya zo ya ciyar da kyanwoyin masana'anta.

Da Turancinsa mai kama da nawa, wato kowa na fahimtar rabi, ya ce, "Kai ne na Nijeriya? Ina zane?"

"An sace."

"Ina masaukinka?"

"Shi ma an sace."

Ya dube ni, ya dubi kwat ɗin, ya buɗe baki zai yi magana, ya fasa. Ya ce, "Shiga mota. Mahaifiyata tana da ɗaki, kuma tana neman wanda za ta yi wa faɗa."

Sunanta Pina, ni kuwa Iya na sa mata, ta kuma karɓa. Ba ta jin Turanci ko kalma ɗaya, amma a mako uku da na yi a gidanta ba mu taɓa rasa abin hira ba. Rana ta biyu ta turo ƙofa ta same ni ina sujada a kan kwat. Washegari na tarar ta share kusurwar ɗakin, ta shimfiɗa wani farin tawul sabo fil, ta kuma ajiye ƙaramar butar ban-ruwan furanninta a banɗaki. Wa ya gaya mata, ban sani ba. Ta daina sa naman alade a tukunyar gidan gaba ɗaya, abin da ya sa Buruno ya ce tun zuwana yake ramewa.

Aikin kansa ya yi mini daɗi, kuma wannan ne ya fi damuna. Akwatin kati yana magana ne da ɗan bugun lantarki a kan waya biyu, ƙwaƙwalwa kuwa ba ta jin wannan yaren, sai an sa wani ƙaramin allo a tsakani ya yi musu tafinta. Idan lambar kati ta isa, sai a rubuta wa ƙwaƙwalwa umarni mataki-mataki, a zane mai kama da tsani: in kati ya zo, kuma mota na kan sikeli, kuma nauyi ya tsaya cak, to riƙe wannan nauyi da wannan suna. Buruno malami ne irin na da. In ka yi kuskure ba ya gyara maka, sai ya tafi shan kofi ya bar ka da shi. Na gane halin, don ni ma haka na yi wa ɗalibaina, Allah ya yafe mana.

Tun da zane ya ɓata, sai ya ba ni babbar takarda ya ce in zana rumbun da ka. Na zana ƙofa, na zana sikeli, na zana rumfar lodi. Hannuna da kansa ya zana ɗan ɗaki a gefen sikeli, har da darbejiyar da ke bayansa.

Ya sa fensir a kai. "Wannan fa? Babu shi a takardar da manajanku ya aiko."

"Mutum ne a ciki."

"Ba ma bukatarsa." Ya ja masa layi biyu, ya wuce zuwa maganar waya.

A mako na biyu na samu na buga waya gidan wani maƙwabcin yayata a Unguwar Rimi, inda aka shirya Hauwa za ta jira ni. Muka gaisa da ihu kamar masu magana daga tsallaken kogi. Ta ce kowa lafiya. Ta ce Baba ya zo ya tambaya ko na iya. Sannan ta ce, "Malam, ya fara kwashe kayansa daga ɗakin. Shekaranjiya rediyo, jiya buzu. Yau an ce har butar ya tafi da ita." Layi ya yanke. Butar nan ta ƙarfe tun ina ɗan makaranta nake ganinta a bakin ƙofar ɗakin. Ranar Iya ta dafa wata taliya mai faɗi, na kasa ci, ta tsaya a kaina da hannu a ƙugu har sai da na share kwano.

Ana saura mako guda in dawo muka yi gwaji. Buruno yana da ƙananan motocin wasa da ƙaramin sikeli a kan tebur. Na jera mota bakwai, na ɗauki kati bakwai, na goga na farko, mota ta hau, nauyi ya shiga, sanda ta ɗaga. Haka har bakwai, babu tuntuɓe. Buruno ya buga kafaɗata, karo na farko. Ni kuwa ina kallon katunan nan bakwai a tare cikin hannuna, sai Alhaji Mamman ya faɗo mini a rai.

Direbobinmu ba sa tafiya ɗai-ɗai. Ayari suke yi, kuma kowane ayari da madugunsa. Alhaji Mamman shi ne babba a cikinsu, mai wata tsohuwar gingimari. Takardun kowa a aljihunsa suke zama. Al'adarsu kuwa, sunan wani ba ya shiga gaban na madugu, amma motar madugu ita ce ta ƙarshen fita, don sai ya duba ɗaurin tamfol ɗin kowa, a hanya kuma shi ne a baya saboda wanda mota za ta lalace masa. Shi ya sa Baba kullum yake rubuta sunan Alhaji a layin farko, ya bar gurbin nauyi fari, sai a ƙarshe ya koma sama ya cike. Na ga wannan sau ɗari ban taɓa ɗaukarsa wani abu ba.

Na sake jera motocin, na sa babbar a baya, na goga katinta a farko. Ƙwaƙwalwa ta ba madugu nauyin motar farko, ta ba na farko nauyin ta biyu, haka kowa ya ɗauki kayan maƙwabcinsa har ƙarshe. Na yi wa Buruno bayani. Na ce dole a samu mutum a wurin wanda ya san kowa da motarsa.

Ya ce, "Sai a koya wa direbobin. Kati ɗaya, mutum ɗaya, mota ɗaya. Kowa ya bi layi."

"Injiniya, ba za su koya ba."

"Kowa yana koya." Ya jawo zanen, ya ɗora yatsa a kan ɗakin da ya soke. "Mutumin nan na ciki, ɗan'uwanka ne?"

"Ubana ne, in ban da jini."

"To, na gane," in ji shi, ya tafi shan kofi.

Abin ya yi mini zafi, kuma ya fi zafi saboda akwai gaskiya a ciki. Na zauna na bincike zuciyata kamar yadda nake duba takardar jarrabawa. Da ba don Baba ba, da wataƙila ban tuna da Alhaji Mamman ba. Amma ko babu Baba a duniya, Alhaji Mamman yana nan, kuma ba zai bari wani ya riga shi ba. Duka biyun gaskiya ne, sai dai ɗaya ce kawai Buruno yake gani.

Ranar Lahadi dangi suka taru cin abincin rana a gidan Iya, mu goma sha ɗaya a dogon tebur. Iya ta tsaya a kan tukunya da ludayi. 'Ya'yan Buruno ne a kusa da ita, suna haɗiyar yawu. Ta zuba faranti na farko, sai na ga ya bi ta kan kowa, hannu zuwa hannu, har can ƙarshen tebur wurin yayanta, wani tsoho kurma da ke gyangyaɗi. Na biyu ya zo mini, baƙo. Na uku ya tsallaka wani wuri. Ita kuwa mai tukunyar ba ta zauna ba sai da ta ga kowa ya samu, ta gyara wa wannan cokali, ta ƙara wa wancan miya.

Na sunkuya na ce wa Buruno a hankali, "Injiniya, me ya sa faranti ba ya bin layi? Ga yara a kusa da tukunya."

"Haka ake yi. Kawu ne babba."

"Sai a koya mata," na ce. "Kowa yana koya."

Cokali ya tsaya masa a hanya. Iya ta ga fuskarsa ta tambayi abin da na ce. Ya yi ƙoƙarin kaucewa, ta matsa, dole ya fassara, daga nan kuma dole ya ba da labarin duka: madugu, da layin farko, da tsohon da ya kwashe butarsa. Ban ji abin da ta ce masa ba, amma ya ɗauki lokaci, kuma ludayin ya yi ta zuwa kusa da sanƙonsa. Matarsa ta yi dariya har da hawaye. Da ƙura ta lafa na ga ya kamata in kawo sulhu, sai na ɗauko kilishin Baba. Kawu ya ci, ya yi tari har aka tashi ana bubbuga masa baya, ya share ido, ya miƙo hannu a ƙara masa.

Litinin da safe na tarar da wani faranti na ƙarfe a kan teburina, mai maɓalli goma sha biyu da ramin makulli. Buruno bai ce mini sannu ba. Ya ce, "Makulli a hagu, na'ura ta yi komai da kanta, yadda manajanku ya saya. Makulli a dama, madugunka ya goga katunansa yadda ya ga dama, ƙwaƙwalwa ta jera su ta jira, mutum ya danna ya ce wannan motar ta wane ce. Kai za ka rubuta tsanin, ni ba ruwana. Kuma ban ce kana da gaskiya ba. Motoci za su faɗa."

Kwana uku muka yi a kai. Ranar da zan taho Iya ta cusa mini wani jan mayafin wuya na ulu da ta saƙa, ta nuna gemu da hannu, ta nuna nesa. Na gane na Baba ne. Ta gyara mini wuyan kwat, ta ce wani abu. Buruno ya ce, "Wai ta taɓa yin irinsa tana budurwa."

Kayan suka iso Kaduna gab da faɗuwar damina, lokacin da kowane manomi yake jiran taki. Na yi mako biyu ina jan waya. Na kafa farantin maɓallan a ɗakin Baba, wanda yanzu babu komai a cikinsa sai ƙusar da yake rataye hula. Na gaya wa Manaja labarin makullin. Ya ce, "Malam, ba mu kai ka Turai don ka dawo mana da jiya ba. A hagu."

Ranar gwaji Baba ya zo da babbar rigarsa ta Juma'a, bai shiga ɗakin ba, ya zauna a gindin darbejiya. Ayarin Alhaji Mamman ne a layi, mota bakwai. Aka raba wa kowa katinsa, Manaja ya yi jawabi. Kafin ya rufe baki katunan bakwai sun koma aljihun Alhaji.

Motar farko ta Sale ce, wani direba mai 'ya'ya biyar, mai ƙaramar mota bodin katako. Manaja ya ce, "Alhaji, ba shi katinsa ya goga."

Sale ya ja da baya. "Ni, yallaɓai? In riga Alhaji? Wallahi gara in sauka in ba ka makullin motar."

"To Alhaji, kawo taka gaba."

"Ranka ya daɗe, an ce in ta auna ka da kaya sai ta buɗe ka fita. In na fita, wa zai duba mini ɗaurin waɗannan? Sale kaɗai in ka bar shi, kafin mu kai Buruku tamfol ɗinsa ya zama tuta."

Direbobi suka kwashe da dariya, Sale ya ce, "Sau ɗaya ne fa, Alhaji, kuma iska ce."

Manaja ya gaji ya ce a yi yadda za a yi. Alhaji ya yi bisimilla ya goga nasa, motar Sale na kan sikeli. Aka bi da sauran. Takarda ta farko ta fito da sunan Alhaji Mamman da nauyin ƙaramar motar Sale. Alhaji ya sa aka karanta masa, ya ce, "Gingimarin tawa? Ko rabinta aka auna?" Ta biyu ta ba Sale kayan da in motarsa ta ɗauka sai ta rabe biyu. Kafin mota ta huɗu babu wanda takardarsa ta dace da motarsa, babu kuma direban da ya yarda ya hau titi da nauyin wani. Layi ya tsaya har bakin hanya. Gabas kuwa ta haɗe baƙi ƙirin, ga buhunan taki a buɗe, kuma taki da ruwa ba sa ga maciji.

Manaja ya matso kusa da ni ya rage murya. "Malam, wannan makullin naka."

Na murɗa shi dama. Alhaji ya sake goga katunan, nasa a farko, fitilu bakwai suka kama suna jira. Manaja ya tura akawunsa ya danna. Akawu ya leƙa taga ya ce, "Yallaɓai, wannan shuɗiyar ta wace ce? Akwai shuɗaye uku."

Duk wuyan da ke filin ya juya wajen darbejiya. Na ba Manaja maki a nan: bai aika ba, da ƙafarsa ya taka.

"Baba, a taimaka mana."

"Ranka ya daɗe, ai na kwashe butata."

"Za a dawo da ita, Baba. Hadari ne."

Baba ya miƙe a hankali, ya kakkaɓe riga, ya shiga. A gefen kowane maɓalli na riga na liƙa farar takarda, na rubuta sunayen da ajami bisa jerin girma. Ya dube su, ya dube ni, ya zauna. Mota ta hau sikeli, ko taga bai kalla ba. "Wannan tarin na motar Ɗanlami ne," ya danna. Ta gaba, "Sale, har yanzu ba ka gyara salansa ba," ya danna. Sanda tana ɗagawa tana sauka, Alhaji yana jan igiyar kowa kafin ya sallame shi. Gingimari ta fita a ƙarshe, ɗigon farko yana sauka a kan tamfol ɗinta.

Manaja ya zare makullin daga inda yake a dama, ya jefa a aljihu, ya ce, "A bar shi haka," ya ruga mota.

Muka rage ni da Baba, ruwa na dukan kwano. Na ba shi jan mayafin, ya juya shi, ya naɗa a wuya duk da zufar da yake yi. Sai na'ura ta buga takardar ayarin gaba ɗaya. Na karanta masa. Layin farko: Alhaji Mamman, da nauyin gingimarinsa daidai, wanda ya shiga a ƙarshe.

Ya karɓi takardar ya daɗe yana kallo, shi da ba ya karanta boko.

"Isiyaku, wa ya koya mata ladabi haka?"

"Wata tsohuwa ce a can, Baba. Da ludayi."

"Allah ya saka mata. Daga gani 'yar gidan mutunci ce." Ya cire hula ya rataye a ƙusar. "In ruwan ya ɗauke, ka bi ta Rigasa ka ce a ba ka butata."